Baitin da Ya Ƙwace Makulli

Alhamis

Zuwa ga ƙanwata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Direba da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya sanin hutu.

Bayan haka, jiya Laraba da ƙarfe huɗu da rabi na jera kujeru goma sha biyu a falona, kamar yadda nake jerawa shekara tara ke nan, tun ranar da dattawan ikkilisiya suka ɗora mini jagorancin rukuninmu na nazarin Littafi Mai Tsarki. Bakwai suka samu masu zama. Taki ta kusa da taga ta tsaya fayau tana tuhumata. Kafinta ya shigo, ya miƙo mini littafinki na tambayoyi, ya ce kin ce a mayar wa mai shi. Na kira wayarki sau huɗu, ta yi ta kuka har ta gaji. Shi ya sa na koma ga alƙalami, tsohon aminina, na kuma roƙi matata ta kawo miki wannan har shago.

Mun karanta nassi, mun bi tambayoyi. Amma da aka zo lokacin da kowa ke faɗin abin da yake so a yi masa addu'a a kai, lokacin da a da sai na nuna wa Ungozoma agogo kafin ta yi shiru, sai falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Mai Kemis ya ce shi lafiya lau. Kafinta ya ce shi ma haka. Mutum bakwai, babu mai ciwon baya, babu mai ɗa marar jin magana, babu mai maƙwabcin banza. Ban taɓa ganin lafiya ta sauko wa jama'a haka a yini guda ba.

An raɗa mini cewa wai baitina ne ya ɓata miki rai. Kin dai san Fasto ya ba ni minti biyar ranar Lahadi in gabatar da addu'ar ikkilisiya, na kuma gabatar da ita a waƙe kamar yadda na saba, baiti shida. Ga na huɗun da ake ta ƙus-ƙus a kansa:

Ya Hasken da ba shi da gushewa,
Ga bawanka, hanya tana ɓacewa,
Yara a bayansa suna ta rerawa,
Idonsa guda yana ta dusashewa,
Riƙe masa sitiyari har zuwa isowa.

Ki karanta da adalci. Ina suna a ciki? Ina unguwa? Na ce bawa, dukanmu kuwa bayi ne. Mutum uku suka tare ni a bakin ƙofa bayan sujada, ɗaya da ƙwalla a ido. Na ɗauki damuwarki daga falo mai mutum goma sha biyu, na kai ta gaban mutum ɗari uku suka ce mata amin. In ƙara wa addu'a baki laifi ne, to na amsa.

Ki tuna ni na riƙa riƙe hannunki zuwa ajin Lahadi tun ba ki iya ɗaura takalmi ba. Irin wannan yaji bai dace da shekarunki ba. Ina sa ran ganinki Laraba a kujerarki.

Salama ta kasance tare da ke.

Yayanki

*

Juma'a

Yaya,

Na gaishe ka, don Mama ta koya mini gaida na gaba. Lafiyar da ka tambaya kuwa, babu ita.

Ka ce ina suna. Yaya, direban motar 'yan makaranta nawa ne a ikkilisiyarmu? Ka ƙirga mini. Ko kana so in ara maka yatsa?

Ka ɗaga kai ka dubi bangon falonka, saman agogo. Akwai takarda a firam. Kai ka rubuta ta da hannunka, kai ka sa Kafinta ya yi mata katako, kai kake sa mu karanta ta tare duk lokacin da aka samu sabon zuwa: abin da aka faɗa a da'irar nan, a nan yake tsayawa. Saboda takardar nan na buɗe baki waccan Larabar. Na ce ido ɗaya na baban yara yana ta rufewa, likita ya sa ranar aiki a hutun makaranta, saura mako bakwai, a taya mu addu'a ya kai. Na ce shi kansa bai san zan faɗa ba. Na ce don Allah. Kai ka fara cewa amin.

Ranar Lahadi yana zaune kusa da ni. Da ka kai kan sitiyari, ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni. Tun daga ranar yake kauce mini. Ina ajiye masa abinci, sai na fita yake ci.

Ga abin da masu ƙwallar taka ba su gaya maka ba. Mai Makaranta, uwar ɗakinsa, a layi na biyu take zama. Ita ma ta juyo. Ranar Litinin ta kira shi ofis, ta ce ya ajiye makulli a kan tebur. Shekara goma sha tara yana ɗaukar yaran nan, ko fitila bai taɓa fasa mata ba. Yanzu yana gida yana gyara rediyon da bai lalace ba.

Ta ba shi zuwa Juma'a mai zuwa. Ko ya kawo takardar gwajin ido, ka kuwa san ba zai ci ba. Ko kuma kai, Malam, da take ganin girmanka, ka zo ka faɗa mata da bakinka cewa ba da shi kake ba. Ta ce in ka faɗa, ta yarda, ya ɗauki makullinsa.

To ga abin da nake so, ba kuma roƙo nake ba. Ka je ka ce mata misali ne. Ka ce makantar ruhaniya kake nufi, motar ikkilisiya ce, yaran masu bi ne. Ka iya. Na sha ganinka ka ɗauki aya mai kalma biyar ka fitar mata da ma'ana bakwai, shayi ya huce muna jiranka. Ka fitar wa naka baitin da guda ɗaya tak.

Kada ka ƙara aiko mini da waƙa. Takardarka ta jiya na yanka ta na yi awon wuyan riga.

Ka gaida Anti, ita ba ruwanta.

Ƙanwarka

*

Lahadi, bayan sujada

Zuwa ga ƙanwata,

Alherin Ubangiji da salamarsa su tabbata a gidanki, ko da yake yau kin ga na nufo layinku kin tsallaka ta ɗaya ƙofar, kamar mai gudun kuturu.

Na karanta wasiƙarki sau uku: na farko da mamaki, na biyu da baƙin ciki, na uku da tsoro. Mace mai shekara tara a da'irar nazari, wadda ta cika littafin tambayoyi goma sha ɗaya, ita ce yau take aiken yayanta ya je ya shirga ƙarya, har tana tsara masa yadda zai yi mata kwalliya! Ashe duk ruwan da na yi ta zubawa, a kan dutse na zuba. Harshen da ya buɗe nassi ranar Laraba ba zai je ya murɗe gaskiya ranar Alhamis ba. Ba zan je ba.

Tunda kuma kin matsa, bari in buɗe miki abin da na so in rufe don mutuncinki. Kina tsammanin baitin nan kuɓuce mini ya yi? Da gangan na yi shi. Wata guda da ya wuce ina tsaye a bakin titin kasuwa, Direba ya zo wucewa da motar cike da yara, ya gifta ni kusa har iskar motar ta ɗaga mini riga. Na ɗaga hannu, na kira shi. Ko waiwaye. Na ɗauka girman kai ne, sai da kika yi magana a falona na gane bai gan ni ba ne sam. Ni fa ba ƙaramin mutum ba ne, ƙanwata, kin sha yi mini tsiyar tumbi. Wanda bai ga tumbina ba, zai ga yarinya 'yar shekara biyar ta sunkuya ɗaukar gorar ruwanta?

Yara ashirin da biyu yake ɗauka. Kowannensu akwai uwar da ta yi masa wanka da safe, ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Kin zo kin ajiye wannan dutse a tsakiyar falona, kin ce mu rufe ido mu yi addu'a, sa'an nan mu buɗe mu yi kamar ba mu ji ba, har mako bakwai. Mako bakwai safiya talatin da biyar ne, da yamma talatin da biyar. Takardar da ke bango an rubuta ta don ta rufe hawayen mutane, ba don ta rufe rami a kan hanyar yara ba. Mai tsaro da ya hango wuta ya yi shiru don ya yi alkawarin ba zai ta da kowa daga barci ba, me za a kira shi?

Na zaɓi waƙa domin ita ce hanya mafi taushi. Ban kai ƙara ba, ban ambaci suna ba. Na dai rataya ƙararrawa, mai kunne ya ji.

Ki daina zuga mini 'yan rukuni. Yau Ungozoma ta gaishe ni da kalma ɗaya, ita da ba ta taɓa gaisuwa ƙasa da minti goma ba. Na san daga wane shago wannan iska ta taso.

Ina yi miki addu'a, ko kina so ko ba kya so.

Yayanki, wanda bai yi nadama ba

*

Talata

Yaya,

Ina gaisuwa.

Mai tsaro! Sannu da aiki. Na yi dariya har allura ta soke ni, rabona da dariya kuwa tun waccan Lahadin.

Darasi na huɗu a littafin da na mayar maka, ka buɗe shi. Mako uku ka tsare mu a kansa: yadda ake gyara ɗan'uwa. Ka ce a fara zuwa wurinsa a keɓe, daga kai sai shi. In ya ƙi, a ƙara mutum ɗaya ko biyu. Taron jama'a shi ne na ƙarshe. Har allo ka kawo ka zana mana matakala. Daga gidanka zuwa gidana tafiyar minti goma ce. Daga Laraba zuwa Lahadi kwana huɗu ne. Wace rana ka taka matakalar farko? Ka zo ka zaunar da shi ka ce, ƙanena, ajiye makullin nan? Da ka yi, da ya ji kunyarka ya ajiye da kansa, ya nemi hutun rashin lafiya, aikinsa na jiransa.

Ba ka zo ba, don ba yara ne a ranka ba. Anti ba ta iya ƙarya ba, ka sani. Da ta kawo takardarka na tambaye ta abu ɗaya: ya aka yi baitin? Ta ce ranar Asabar ka wuni kana zagaya falo da fensir a kunne, kana cewa baiti biyar sun yi kaɗan, kana neman abin da zai taɓa zuciya. Ta ce can da la'asar ta ji ka buga tebur ka ce, yawwa, direba! Ta ce bayan sujada, a hanyar gida, sau biyu kana tambayarta ko ta lura yadda majami'a ta yi tsit a na huɗun. Wannan shi ne mai tsaron naka. Labarin titin kasuwa kuwa, sai da na rubuto maka ka tuna da shi.

Kuma ba ni na zuga kowa ba. Su suka zo shagona ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗinkin ƙarya a leda. Ungozoma ta ce bara ta ji ɗanta da kwalbar giyarsa a baiti na biyu na addu'arka, ta haɗiye. Kafinta ya ce shi matarsa da ta tafi gidansu ya ji, har da kalar akwatin. Mai Kemis ya ce shekara biyu ke nan ba ya faɗin komai a da'ira sai ciwon gwiwa, gwiwarsa kuma ƙalau take. Muna kawo maka ciwonmu, kai kana ganin yadi, kana yanka abin da ya yi maka kyau. Ni tela ce, na san mai sata a yadin mutane.

Mun rubuta wa dattawa, mu shida. Sunana ne a sama, ban ɓoye ba.

Saura kwana uku. Ban ce ka zama maƙaryaci ba, Yaya. Na ce ka ɗinke abin da ka yaga, da irin zaren da ka yaga shi. In Juma'a ta wuce makullin nan bai dawo ba, kada ka ƙara rubuta ƙanwata a saman takarda.

Ka huta lafiya.

Matar Direba

*

Alhamis

Zuwa ga ƙanwata, domin Juma'a ba ta yi ba tukuna,

Ina gaishe ki da gaisuwar wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa, aka kuma yi daidai.

Abin da matata ta faɗa miki, haka aka yi. Na buga tebur. Na ji daɗin shirun majami'a fiye da yadda na taɓa jin daɗin amin. Direba ya wuce ni a titin kasuwa, wannan gaskiya ne, amma ban ɗauko shi ba sai da na rasa abin fakewa. Jiya mutum uku suka zo. Na jera kujeru goma sha biyu, na kwashe tara da hannuna. Ban iya buɗe darasi ba. Wani dattijo ya zo daga baya da saƙon dattawa: in sauka tukuna, Ungozoma ta riƙe rukunin, a falonta. Kin yi nasara a wannan, ki sha ruwa.

Yau da safe na tafi makarantar, da niyyar yin abin da kika ce. Na tsara maganar tsaf: motar ikkilisiya, yaran masu bi, makantar zuciya. Ta yi kyau ƙwarai, ina jin kunyar faɗa miki. Aka ce in jira a benci a baranda. Ina zaune motar ta shigo, wani direban aro yana ja. Yara suka yi ta dirowa. Wata 'yar mitsitsiya, jakarta ta fi ta girma, ta zagaya ta gaban motar, dab da taya, tana neman murfin gorarta. Direban ya gan ta, ya jira. Abin da ya faru ke nan, ba wani abu ba. Ya gan ta.

Mai Makaranta ta kira ni ciki, ta ba ni kujera, makullin yana kan teburinta kusa da ƙararrawa. Ta ce, Malam, tambaya ɗaya ce: da shi kake, ko ba da shi ba? Na buɗe baki, duk kalmomin da na jera suka watse. Na ce da shi nake. Na ce ido ɗaya ne, an sa ranar aiki, bayan hutu zai gani garau. Na ce ni na ci amana, shi bai yi kome ba sai tsoron rasa abincin 'ya'yansa. Na roƙe ta ta ajiye masa gurbinsa, na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa mahaluki ba tun rasuwar Baba. Ta ce in tashi. Ta ce da shi ya zo ya faɗa mata, da ta jira shi ko wata shida ne. Amma mutumin da ya ɗauki 'ya'yan mutane yana ɓoye mata wannan, ba za ta ƙara ba shi makulli ba, ko da ido huɗu ya dawo. Ta jefa makullin a aljihun tebur ta rufe.

Don haka na kashe aikin mijinki sau biyu: sau ɗaya don banza, sau ɗaya don ba ni da yadda zan yi. Na farkon ina neman gafararsa har in mutu. Na biyun ba zan nema ba. Ke ma kuma kada ki wanke hannu ki bar ni da dattin duka. Kin sani tun kafin ni. Kowace safiya kina miƙa masa makullin nan daga kan ƙusa, kina cewa a dawo lafiya, kin kuma zo kin nemi mutum goma sha ɗaya su taya ki rufe ido. Wannan ba addu'a kika nema ba, abokan shiru kika nema.

Ba baiti a wannan takarda. Na duba, babu.

Ubangiji ya ji tausayinmu, ni da ke.

Yayanki, ko kin goge

*

Litinin

Malam,

Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe, haka nake iya ganin abin da na rubuta.

Ƙanwarka ta ce ba za ta amsa ba. Ta ba ni takardunka duka, har da wadda ta yanka, na karanta a hankali.

Na mayar da rigar aiki ranar Juma'a. Abin da ka faɗa a ofis gaskiya ne, ba na riƙe ka da shi. Tun bara da muryoyinsu nake ƙirga yaran in sun sauka. Abin da ka yi a majami'a kuwa, ban yafe ba tukuna. Ina ƙoƙari, bai zo ba.

Ban taɓa zuwa rukuninku ba, lokacin ina kan hanya. Yanzu ina da lokaci. Jibi zan je gidan Ungozoma, ina da abin da nake so a yi mini addu'a a kai, da bakina zan faɗa. Ta ce ba a hana ka zuwa ba. Ka zo.

Idon nawa, na hagu ne, tunda a duk takardun nan ba ka tambaya ba. Ka zauna ta wannan gefen.

Ka huta lafiya.

Direba